Sanyin Ƙashi: Suna Ɗaya, Cututtuka Daban-daban

 

Ni ba likita ba ne, alli ne sana'ata. Ciwon gwiwa ne ya kai ni Asibitin Ƙashi na Dala, inda na fahimci cewa abin da muke yi wa kuɗin goro da sunan sanyin ƙashi cututtuka ne mabambanta, kuma ba sanyin hunturu ke haddasa su ba, sai dai ya tsananta raɗaɗinsu ga wasu.

Wanda ya fi addabarmu shi ne zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Shekaru, ƙiba da tsohon rauni su ne kan gaba wajen jawo shi. Gwiwa takan yi ƙara, ta ƙage da safe na ɗan lokaci, zafin ya ƙaru bayan doguwar tsayuwa, har durƙuson salla ya zama aiki. Ciwon tsokar baya da na ƙugu kuwa, duk wanda ke hawa babur kullum daga Rurum ko Tarai, ya dawo ya duƙa a gona, ba ya bukatar bayani.

Akwai wani daban, wanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi gaɓoɓi. Ya fi kama mata. Yatsu da wuyan hannu na dama da na hagu su kumbura tare, su sandare fiye da awa ɗaya da safe. In aka yi sakaci, yatsun sukan karkace har riƙe alƙalami ya gagara.

Amma abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne na yara. Shekarun baya ina da ɗaliba a aji huɗu mai yawan kukan ciwon ƙafa: yau gwiwa, gobe idon sawu, jibi gwiwar hannu. Na ɗauka ƙiwuyar makaranta ce, har na tsawata mata. Ashe yawon ciwon daga gaɓa zuwa gaɓa shi ne alamar. Ciwon maƙogwaro ta yi, irin na ƙwayar bakteriya, ba a magance shi ba. Mako biyu zuwa uku bayan irin wannan, zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi kan biyo baya, galibi ga 'yan shekara 5 zuwa 15. Gaɓoɓin sukan warke sarai, amma cutar takan bar tabo a ƙofofin zuciya. Yarinyar nan ta ƙare firamare tana haki in ta yi 'yar tafiya. Da an kai ta asibiti tun farko, da wataƙila fenisilin mai araha ya wadatar. Haka kuma yaron da ƙasusuwansa ke zogi duk hunturu, a gwada jininsa ko sikila ce.

Sai batun magani. Mun saba, musamman in wata ya yi nisa, mu tsaya kemis a haɗa mana ƙwayoyi. Ibuprofen da diclofenac suna kwantar da zafi, amma ɗorewa a kansu na jawo gyambon ciki, yana kuma lahanta ƙoda. Rage ƙiba da tafiyar ƙafa a hankali sun fi taimakon gwiwa. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi kuwa, ko yaron da ya haɗa ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a nufi Babban Asibitin Rano da su, kada a jira ƙarshen zango.