Neman Aiki A Lokacin Tsuke Bakin Aljihu: Yadda Ake Kasa Haja A LinkedIn

Jawabin da aka shirya domin karantawa a tarurrukan matasa na rassan jam'iyya.



Duk wanda ya manyanta a wannan taro ba zai manta da shekarar 1982 ba, sa'ad da kuɗin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. A 1986 kuma aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na Janar Ibrahim Babangida, wanda jama'a suka fi sani da SAP. Kamfanoni suka yi ta rage ma'aikata, masu digiri suka riƙa bin ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, takardun shaida a ambulan, takalmi ya cinye. Irin wannan matsi ya sake dawowa. Tattalin arzikin Nijeriya ya ja da baya a 2016, ya kuma yin haka a 2020. A 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta zube, har hauhawar farashin kaya ta haura kashi 34 cikin 100 a watan Disamba na 2024.

Matsin dai shi ne na jiya, amma hanyar neman aiki ta sake, in kuwa kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ambulan ɗin nan ya koma cikin wayar hannu. Akwai wani dandali na intanet mai suna LinkedIn, wanda aka buɗe a Amurka a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, yawan masu rajista a cikinsa ya kai biliyan ɗaya a 2023. Kowane mutum yana da shafinsa, inda yake bayyana ilminsa da sana'arsa. Jami'in ɗaukar ma'aikata kan rubuta sunan aikin da yake bukata da sunan gari, sai na'ura ta jero masa mutanen da waɗannan kalmomi suke cikin shafinsu. Watau ke nan wanda bai ambaci sana'arsa da sunan da aka san ta da shi ba, ko da ya fi kowa gwaninta, ba zai fito a jerin ba.

Saboda haka gyara na farko shi ne layin da ke ƙarƙashin suna, wanda yake ɗaukar haruffa 220. Matasa da yawa sukan ɓata shi da rubuta cewa suna neman kowane irin aiki. Ba mai shiga kasuwa ya ce a ba shi kowane irin kaya. Kamata ya yi a rubuta sana'a da gari, kamar mai lissafin kuɗi a Kano, ko injiniyan lantarki a Fatakwal, da Turanci, da kalmomin da kamfanoni suke sawa a tallar guraben aiki. Hoto kuma ya zama na mutum shi kaɗai, fuska a sake, tufa mai tsabta, ba wanda aka yanko daga hoton biki ba.

Gyara na biyu shi ne ƙashin bayan al'amarin. A lokacin wadata kamfani kan ɗauki yaro ya koya masa aiki. A lokacin matsi kuwa ba ya ɗaukar kowa sai wanda zai toshe masa wata ɓaraka, ko ya rage masa hasara. Don haka jera muƙamai da sunayen makarantu bai wadatar ba. Mai kula da sito ya faɗi shekara nawa ya yi, da yawan kayan da suka bi ta hannunsa, da dabarar da ya yi har ɓatan kaya ya ragu. Wadda ta yi hidimar ƙasa a makarantar ƙauye ta faɗi yawan ɗaliban da ta koyar da abin da ta bari a can, domin wannan shekara aiki ce, ba hutu ba. Wanda aka sallama saboda rage ma'aikata kada ya ɓoye, ba abin kunya ba ne. Tun 2022 dandalin ya tanadi gurbin da ake bayyana lokacin da mutum ya yi ba ya aiki, da dalilinsa. Sai dai a kiyayi ƙari. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tsohon maigidan mutum yana iya karanta shafin nan kamar kowa.

Gyara na uku shi ne shaidu. Yabon kai ba ya sayar da haja. Dandalin ya ba tsohon shugaba, ko malami, ko abokin aiki damar rubuta shaida a shafin mutum, kuma layi uku daga wanda ya ga aikin da idonsa sun fi dogon bayani nauyi. Har ila yau akwai alamar nan koriya ta cewa mutum a shirye yake ya karɓi aiki, wadda aka fito da ita a 2020. Mai aiki a hannu da yake neman canji yana iya zaɓar a nuna ta ga jami'an ɗaukar ma'aikata kawai.

Bayan an gyara shafi, saura zumunci. A 1973 wani masanin zaman jama'a Ba'amurke, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa daga wanda ba a cika haɗuwa da shi ba, domin amini abin da mutum ya sani shi ma shi ya sani. A 2022 mujallar Science ta buga binciken da aka yi a kan mutum miliyan 20 a LinkedIn, ya ƙarfafa wannan magana: wanda ya fi amfani shi ne wanda ba amini ba, ba kuma sanin shanu kawai ba. Tsohon ɗan aji, da abokin hidimar ƙasa, da wanda aka taɓa aiki tare, su ne ya kamata a nema. A fara da gaisuwa, a tuna masa inda aka san juna, a nemi shawara kafin a nemi alfarma.

Daga ƙarshe, ga gargaɗi. Inda mabukata suka taru, nan 'yan damfara suke ɗana tarko. Duk wanda ya ce a biya kuɗi kafin a kira mutum intabiyu, ko ya nemi lambar BVN tun ba a ga juna ba, a rabu da shi.

Shafi mai kyau ba ya haifar da gurbin da babu shi. Wannan nauyi yana wuyan gwamnati da masu masana'antu, kuma wajibi ne jam'iyya ta ci gaba da tuna musu. Amma gurbin da yake akwai, wani ne zai samu. Ya dace kowane reshe ya sa waɗanda suka iya su zauna da ƙannensu, a duba shafi layi layi tun kafin talla ta fito. Allah ya ba mai nema sa'a. Wassalam.