RANAR DA ƊANMU YA TSAYA GABAN MAI SHARI'A: TUƘI CIKIN MAYE DA ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Da kwamitin shirya taro ya ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai, na san wasu za su so in tsaya kan rijiyar burtsatse ko rufin ajujuwa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai wata magana da muke yi a zaure da murya ƙasa-ƙasa, ba mu taɓa kawo ta nan ba, wato maganar 'ya'yanmu da ake kamawa a birni suna tuƙi cikin maye. Ina neman afuwar iyayena idan ta yi nauyi a kunne.

Shekarun baya kaɗan, wani dattijo ya yi mini sallama bayan sallar asuba, idonsa jajur. Ɗansa, wanda ni na sa masa alli a hannu a aji ɗaya, yana aiki a Abuja. Ya fito daga walimar bikin abokinsa da dare, ya sha abin da bai kamata ba, ya goga wa mai Keke Napep, fasinja guda ta karye a hannu. Yaron bai taɓa shiga caji ofis ba sai ranar. Buƙatar uban guda ɗaya ce: in taimaka a samo wani babba da zai buga waya a kashe maganar kafin gari ya ji. Na ce masa, "Alhaji, babban da zan iya samo maka shi ne ni kaina. Zan bi ka Abuja, mu zauna a bayansa a kotu." Bai ji daɗi ba, amma ya yarda. Abin da na koya a wannan tafiya shi nake so in raba da ku.

Da farko, mu san abin da doka ta ce. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma dokarta ta 2007 ta mai da tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya laifi, ta yanke masa tarar naira 5,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko duka biyun. Kada ƙanƙantar tarar ta ruɗe mu, domin ɗaurin yana nan a rubuce, kuma idan rai ya salwanta ta dalilin tuƙin ganganci, magana ta koma ta shekara 7. Jihar Legas tana da dokarta ta hanya wadda ta fi wannan tsanani. A jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a shekarar 2000, Musulmin da aka kama yana iya fuskantar tuhuma ta biyu a kan shan giyar kanta, wadda haddinta a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. Haka nan maye a idon doka bai tsaya ga kwalba ba. Wanda ya sha tiramadol, ko maganin tari mai kodin wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, ko tabar wiwi, in ya kama sitiyari hukuncinsa ɗaya da mashayin giya. Na faɗi wannan ne don iyayen da ke cewa, "Ɗana ba ya shan giya," alhali aljihunsa cike yake da ƙwaya.

Na biyu, wanda aka kama yana da haƙƙi, kuma jahiltar haƙƙin nan ita ke jefa iyali hannun 'yan damfara. Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda ake tsare da shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Yana da damar ɗaukar lauyan da yake so, in kuma ba ya jin Turanci sosai, a ba shi tafinta kyauta. Belin 'yan sanda ba na sayarwa ba ne. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 don marasa ƙarfi. Kada yaro ya sa hannu a takardar da bai karanta ya fahimta ba, kada kuma ya yi gardama ko zagi a bakin hanya idan jami'i ya miƙo masa na'urar gwajin numfashi, don wannan ƙarin laifi ne a kan laifi.

Ranar zaman kotu, abin ba shi da tsawo kamar yadda ake zato. Za a kira sunansa, ya shiga akwati, a karanta masa tuhuma, a tambaye shi ko ya fahimta, sannan ko ya amsa laifi ko ya musanta. Idan ya musanta, sai a yi maganar beli, a ɗage zama zuwa ranar da mai gabatar da ƙara zai kawo shaidu. Idan ya amsa, kafin a yanke hukunci mai shari'a zai ba shi dama ya roƙi sassauci, kuma a nan ne ake tambaya ko an taɓa samunsa da laifi. Wannan ita ce darajar karon farko, kuma sau ɗaya ake cinta a rayuwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan Tarayya, ta ba alƙali ikon jingine hukunci ko sa mai ƙaramin laifi aikin yi wa al'umma hidima maimakon gidan gyaran hali, jihohi kuma sun yi irin tasu. Amma amsawa ko musantawa shawara ce da za a yanke tare da lauya, ba da 'yan zaman majalisa ba.

Yaronmu ya gaya wa lauyansa gaskiya tun daren farko. Kafin ranar zama, mun je asibiti mun duba matar da ta karye, ya durƙusa ya ba ta haƙuri a gaban mijinta, ya ɗauki kuɗin magani da gyaran keken. A kotu ya amsa laifinsa. Mai shari'a ta dube shi, ta dubi furfurar mutum biyu da ke zaune a bayansa, ta yi masa faɗan da ban taɓa yi wa ɗalibi irinsa ba a shekara talatin da biyar da na yi ina koyarwa, sannan ta ci shi tara. Ya biya, ya karɓi rasit. Ba na ce kowa zai sami irin wannan sauƙi ba, kowace shari'a da yanayinta. Abin da na sani shi ne, a mota muna komawa masauki, uban ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Malam, da an kashe maganar nan, da bai ji komai ba."

Kurakurai uku na ga iyalanmu suna yi. Na ɗaya, neman a kashe magana da kuɗi ko da alfarma. Wanda aka fitar ta bayan gida darasi ɗaya ya koya, cewa akwai mai fitar da shi, kuma zai koma. Na biyu, tserewa bayan beli. A ɗauko yaro a ɓoye shi a ƙauye, kotu ta ba da umarnin kamo shi, bawan Allahn da ya tsaya masa ya shiga uku, ƙaramin laifi ya zama babba. Gobe idan wani ɗan garin nan ya nemi mai tsaya masa, kowa sai ya noƙe. Na uku, yanke shi daga dangi don kunya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da gida ya rufe wa ƙofa, mashaya ce kaɗai za ta buɗe masa tata.

Kada wani ya fahimce ni da cewa ina rage girman laifin. Ku bar tsohon malamin lissafi ya yi muku ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan maye ya jinkirta ƙafar direba daƙiƙa ɗaya tak kafin ta taka birki, motar ta wuce tsawon ajujuwa uku a jere ba tare da mai iko da ita ba. A cikin wannan tazara akwai ɗan makaranta, akwai mai tallar gyaɗa, akwai ɗan acaɓa da iyalinsa ke jira. Kuma cin goro, ko shan shayi mai kauri, ko watsa ruwan sanyi, ba sa fitar da giya daga jini. Hanta ce ke aikinta sannu a hankali, ba ta karɓar gaggawa. Saboda haka wanda aka kama tun bai kashe kowa ba, ya gode wa Allah. Kunyar akwatin kotu ta kwana ɗaya ce, amma haƙƙin rai yana bin mutum har kabari.

Mai girma shugaba, ina roƙon ƙungiya ta duba shawarwari huɗu. Kowane reshe na birni ya ware mutum biyu masu mutunci da za a iya kira ko da tsakar dare, aikinsu su tabbatar an bi doka, ba su nemi alfarma ba. Lauyoyi 'yan asalin garin nan su ba mu sunayensu, su sadaukar da shawarar farko kyauta. Kada a taɓa ko kwabo na asusun ƙungiya don biyan tarar maye. Mai laifi ya biya da guminsa, in akwai taimako a kai wa wanda aka ji wa rauni. Sannan duk wanda aka gane shaye-shayen ya kama shi, a haɗa shi da likita, domin akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato masu kula da irin wannan, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Ku kuma samarinmu, da yawanku ni na koya muku karatu, don haka ina da bakin faɗa. Abin da addininmu ya haramta, ku bar shi. Wanda Shaiɗan ya rinjaya, ya ji tsoron Allah kada ya haɗa zunubinsa da jinin wani. Ya ajiye makulli, ya hau tasi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yaron da na ba ku labari ya ba ni izinin faɗa, da sharaɗin in sakaya sunansa. Da ƙaramar sallar da ta wuce shi ya tuƙo mahaifinsa gida.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.