Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya Kan Asusun Jinya

 

An nemi gidanmu ya ce wani abu game da asusun jinya da ake shawarar buɗewa, saboda abin da ya taɓa samunmu a ƙarshen shekarun 1980. Dattawa sun san labarin, amma yara ba su sani ba.

Yaran yanzu jirgin da suka sani shi ne sabon nan na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Mu kuwa tsohon layin dogo muka tashi muka tarar, wanda ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Da shi Sabon nan, da aka kafa a 1916, ya rayu: shanu su gangaro, goro ya hau. Mahaifinmu kuwa goro ne sana'arsa.

To, ya loda huhu 40 zuwa Kano, rabi kuɗinsa, rabi bashin manoma. Kwana uku bayan nan hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Yaron da ya saba bin kaya sai muka riƙe shi don jinya, muka ce ai jirgi ya san hanya. Nan muka yi kuskuren farko.

A asibiti kullum da safe sai an miƙo takardar magani. Muna saye, muna sa ran dillalinmu na Kano zai sayar ya aiko. Bayan mako biyu sai ga wasiƙa a hannun wani direba: bai ga ko ƙwaya ɗaya ba. Muka nemi takardar kaya, babu wanda ya san inda Baba ya ajiye ta, shi kuma ba ya iya magana. Lambar taragon ma ba mu rubuta ba. Sai da aka kwana tara aka gan ta a gindin adakarsa.

Yayanmu ya ɗauki takarda ya bi layi: Oshogbo, Offa, Ilorin, Jebba, Minna, yana kwana a benci. A mako na biyar ya tarar da taragon a wata ƙaramar tasha, an cire shi an ajiye gefe don ƙafarsa ta sami matsala. Jama'a, kun san goro. Abu ne mai rai, sai ana buɗe huhu, ana tsince ruɓaɓɓe, ana sake masa ganyen fita. Wannan ya sha rana cikin ƙarfe, ya bushe, sankara ta cinye saura. Huhu 6 aka tsira da su.

Amma ba asarar ce ta fi ci mana rai ba, ɓoyon ne. Mun ɓoye wa Baba don kada jininsa ya ƙara hawa, mun ɓoye muku don kunya. Inna ta sayar da 'yan kunnenta da tasoshin ɗakinta da daddare. Sau biyu muka tsallake magani, muka ce wa likita ya ƙare a kanti, alhali kuɗi ne babu. Har yau ba mu san abin da tsallaken nan ya yi masa ba. Wata tsohuwa mai tuwo, Allah ya jiƙanta, ita ta gane, ta riƙa aiko da kwano ba ta karɓar ko kwabo.

Da bakin Baba ya ɗan buɗe, abin da ya fara tambaya shi ne, "An sake wa goron ganye?" Muka ce an sake. Ya dube mu, ya juya fuska bango. Watansa huɗu ya rasu, manoma kuwa sai bayan shekara biyu muka gama biyansu.

Saboda haka gidanmu na goyon bayan asusun, da sharaɗi ɗaya: mutum biyu kawai, ma'aji da limami, su san sunan mai karɓa, kada a karanta shi a taro. Magatakarda na bakin ƙofa da littafi, mu mun riga mun sa namu.