Waken Soya a Lambu da Gonar Bayan Gida

Maganar da zan yi yau ta ƙasa ce, ƙasar da ta gaji, da buhun taki wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu.

In kun koma gida, ku tuge waken soya ɗaya mai wata biyu, ku karkaɗe ƙasar, ku dubi saiwar. Za ku ga ƙananan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Ba ciwo ba ne. Cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu ɗauko abincin shuka daga iska, irin wanda muke saya a buhun yuriya. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In fari ne ko kore, ba ya yin kome. Gyaɗa da wake ma haka suke. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da ire-iren soya da ake kira TGx, masu yin ƙullen nan da ƙwayoyin da ke cikin ƙasarmu.

Saboda haka kada ku ɓata yuriya a kansa. Takin supa yake so, da takin gida.

Ga kuma wuta-wuta, wadda ta hana waɗansunmu cin dawa. Saiwar soya takan sa irinta ya tsiro, amma ba ta iya manne masa yadda take manne wa dawa da masara, sai ta mutu. Damina ɗaya ba ta isa ta ƙare ta, kada wani ya ruɗe ku. A riƙa juyawa: bana soya, baɗi masara.

A shuka in ruwa ya zauna, daga Yuni zuwa farkon Yuli. Irin soya ba ya jure ajiya, don haka ku fara gwada ƙwaya 20 a gefen gida. In waɗanda suka fito ba su kai 15 ba, ku ƙara yawan irin ko ku nemi wani. Yakan nuna cikin wata 3 zuwa 4. Da kwanson ya bushe a yanke, in ba haka ba ya fashe ya watse a gona. Da lauje za a yanke, a bar saiwar a ƙasa, kuma kada a sa wa ganyen wuta.

Iyaye mata, ɗanyen soya yana ɓata ciki. Kafin a sa garinsa a kunun yara, sai an dafa shi ko an soya ya nuna sosai.