Koyar da Yara Sanin Ƙwari ta Hanyar Zane da Aikin Hannu

Wannan jawabi ga iyaye ne, da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin unguwa a ko'ina cikin Nijeriya.

Sanin kowa ne da zarar yaro ya ga ƙwaro, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya take shi. Ba laifinsa ba ne, gama tun yana ƙarami abin da ya sani game da ƙwari shi ne cizon sauro, da harbin rina, da ɓarnar fara. Amma nau'o'in ƙwarin da masana suka ba suna sun kai wajen miliyan ɗaya, masu cutar da ɗan Adam kuwa kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Yaron da ya tashi bai san wannan bambanci ba, shi ne gobe zai zama manomin da zai fesa wa gona magani ba kan gado, ya kashe maƙiyi da masoyi baki ɗaya.

Amfanin ƙwari ga ƙasa

Ƙudan zuma da takwarorinsa su ke kwasar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, sai tsiro ya yi 'ya'ya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa wajen kashi uku cikin huɗu na irin amfanin gonar da ake ci suna ƙaruwa da wannan aiki. Kokon da ake nomawa a Jihohin Ondo da Kuros Riba, waɗansu mitsi-mitsin ƙudaje ne ke yi masa wannan hidima. Buzuzu kuwa yana binne kashin dabbobi, ƙasa ta sami taki.

Akwai kuma abin da ya sami rogo. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu, ya dinga tsotse ganyen rogo har gonaki suka lalace. Cikin 1981 masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan suka saki wani ɗan ƙaramin dangin rina, wanda bai kai ƙwayar gero girma ba. Shi yana saka ƙwansa ne a jikin ƙwaron rogon, 'ya'yansa su cinye shi. Da haka aka shawo kan annobar a Nijeriya da ƙasashen Afirka masu yawa. Watau ƙwaro ne ya yi ɓarna, ƙwaro ne kuma ya yi ceto.

Dalilin zaɓen zane

Ba a iya zana abu sai an tsaya an dube shi da kyau. Yaron da aka ce ya zana fara, tilas ya ƙidaya ƙafafunta, ya iske shida ne, ya kuma ga jikinta ya kasu uku: kai, da ƙirji, da ciki. In aka ajiye masa gizo-gizo ya ƙidaya ƙafa takwas, da kansa zai gane ba jinsinsu ɗaya ba, ko da yake a bakin jama'a duk ƙwari ake ce musu. In ya bi tsutsa da zane mako bayan mako, har ta naɗe kanta ta fito malam-buɗe-littafi, ya sami ilmin da ba zai manta ba.

Dangantakar ƙwari da sana'ar hannu ma daɗaɗɗiya ce a ƙasar nan. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, daga saƙar wata tsutsar daji ake samunsa, da irinsa kuma Yarabawa ke saƙa tufar da suke kira sanyan.

Yadda za a shirya zaman

Ba a bukatar kuɗi mai yawa. Inuwar itace ko ajin makaranta ranar Asabar ya wadatar. Kayan aiki su ne takarda, da fensir, da gawayi, da jar ƙasa, da shuni, da karan dawa, da fasassun ƙorai. A nemi malami guda, da mai sana'ar hannu guda, da dattijon manomi wanda ya san ƙwarin wurin da sunayensu.

A fara fita da yara bakin gona ko lambu su duba. Ƙwaron da aka kama a sa shi a kwalba mai hudar iska, in an gama zane a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Kowane yaro ya rubuta sunan ƙwaron a ƙarƙashin zanensa, da abin da yake ci, da amfaninsa ko cutarwarsa. A gargaɗe su kada su kusanci amya ko gidan rina, kada kuma su ɗaga dutse da hannu saboda kunama. Sauro da ƙudan tsando su ma a zana su, don yara su san kamannin masu kawo zazzaɓin cizon sauro da ciwon barci.

A ƙarshe a kafa zane-zanen a inda iyaye za su gani. Ranar 20 ga watan Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don ƙudan zuma cikin 2017, ta dace da wannan nuni. A nan ne za a jawo hankalin manya a kan illar ƙona daji, da ƙona amya wajen cin zuma, da fesa magani a lokacin da amfanin gona ke fure.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana roƙon kowace unguwa ta gwada wannan aiki ko da sau ɗaya a wata. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.