Jam'iyyu Na Sauya Abokai, Maƙwabci Yana Nan



Kafin mutum ya ɓata da maƙwabcinsa saboda jam'iyya, ya tuna da shekarar 1993. A zaɓen 'yan majalisa na Fabrairu, MNSD-Nassara ta fi kowa kujeru, 29 cikin 83. Ɗan takararta na shugaban ƙasa, Tandja Mamadou, haifaffen Maine-Soroa, shi ya zo na ɗaya a zagayen farko. Sai CDS-Rahama da PNDS-Tarayya da ANDP suka haɗa kai cikin ƙawancen AFC, Mahamane Ousmane ya lashe zagaye na biyu.

Ƙawancen bai yi ƙarko ba. A Satumban 1994 Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, PNDS ta koma ɓangaren MNSD, suka sami rinjaye a zaɓen Janairun 1995. A 1999 kuwa, CDS ce ta mara wa Tandja baya har ya kayar da Issoufou.

Manomin tattasai na bakin Komadugu da dillalin da ke saye a hannunsa, kasuwa ɗaya za ta sake haɗa su bayan ƙidayar ƙuri'u. Kowa ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai, ya bar zumunci yadda ya tarar da shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya.