Asirin Majinyaci da Iyakar Haƙƙin Masu Inshora



Mutumin da ya shiga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, can a titin Zariya daura da Gyaɗi-Gyaɗi, yakan faɗa wa likita abin da ko uwar 'ya'yansa bai faɗa wa ba. Yana yin haka ne domin ya amince ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, amma a yau akwai na uku a tsakaninsu, watau mai biyan kuɗin magani.

Tun 2005 aka soma inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, Jihar Kano ta yi dokar asusun taimakekeniyar lafiya a 2016, sa'an nan dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa. Asibiti kuwa ba ya samun kuɗinsa sai ya aika da sunan majinyaci, da lambarsa, da cutar da aka gano, da maganin da aka ba shi. Ta haka asiri ke fita daga ɗakin likita zuwa teburin akawu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta hana bayyana labarin majinyaci sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko na wata doka, ko kuwa idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa labarin lafiya cikin bayanan da ke bukatar tsaro na musamman.

Sai dai a lura, ma'aikacin da ya sa hannu a takarda ranar rajista, alhali ba shi da ikon ƙin shiga, yardarsa ba ta cika ba. Saboda haka iyakar da ta dace ita ce gwargwadon bukata. In an yi wa mutum ɗorin karaya, mai inshora ya san karayar da kuɗinta. Ba ruwansa da gwajin ƙanjamau na bara, balle shugaban ofishin majinyacin ya ji.

Lalle ne majinyaci ya tambaya tun kafin ya sa hannu: me za a aika, wa za a aika wa, kuma don me? Gama wanda ya ji tsoron tonon asiri zai ɓoye cutarsa, likita kuwa ba ya warkar da abin da aka ɓoye masa.

Allah ya rufa asiri. Wassalam.